Wayar da Sai-Ni Ya Ƙi Ɗauka

An yi wani mutum mai gyaran wuta, ya 'yan uwa, wanda kowa yake kira Sai-Ni. Shi ya jawo wa kansa sunan. In aka ce masa wutar gidan wane ta lalace, an kira mutum biyu sun kasa, sai ya taɓe baki ya ce, "Ai sai ni." In aka yabi aikin wani a gabansa, sai ya ce, "Ku bari ta lalace, za ku neme ni." Da sunan ya bi shi bai ji haushi ba, har ya sa aka rubuta masa shi da fenti a jikin akwatin kayan aikinsa.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya aiki. Zai tsaya gaban akwatin wuta, wato akwatin ƙarfen nan na jikin bango da wutar gida take shiga kafin ta rabu ɗaki-ɗaki, ya ɗora bayan hannunsa a kan murfin, ya shaƙi iskar wurin, ya ce noti ne ya saki a ciki. In aka buɗe kuwa sai a tarar haka ne. Ban zo in ce muku jahili ne ba. Jahili da sauƙi, koya masa ake yi. Wannan ya sani, kuma da saninsa ya yi ɓarna.

Yana da ƙane, autan gidansu, shi ya koya masa sana'ar tun daga riƙe filaya. Da Auta ya yi aure ya ga nauyi ya hau kansa, sai ya je ya durƙusa gaban yayansa ya ce yana son ya tsaya da ƙafarsa. Sai-Ni ya ce, "Je ka, Allah Ya ba da sa'a." Da baki ya faɗa. A zuciya kuwa abin ya tsaya masa, domin a ganinsa duk wanda ya taɓa riƙe masa tsani bai kamata ya hau tsanin ba har abada.

Ana nan, wata rana wani mai gidan burodi ya tare shi a kan hanya yana fara'a. Ya ce, "Jiya wuta ta ba mu matsala, na neme ka ban same ka ba, sai na kira ƙanenka. Nan da nan ya gano ta. Ya ce ai aikin Yaya a tsare yake, duk wanda ya buɗe zai karanta."

Don Allah ku gaya mini, wannan zagi ne? Yabo ne, yabo har biyu, daga bakin mai gida da bakin ƙane. Amma zuciyar da hassada ta riga ta shiga ba ta jin yabo. Abin da Sai-Ni ya ji kawai shi ne "duk wanda ya buɗe". Ya koma gida yana huci. A ranar ya sha alwashin cewa daga yau ba za a sake samun ɗan Adam da zai buɗe akwatin da ya haɗa ya gane kansa ba, balle wannan butulu.

To ku saurara, ko da ba sana'arku ba ce, domin kowannenku yana kwana da irin akwatin nan a gidansa. Masu sana'ar ba don ado suka bambanta launin waya ba. Mai ɗauke da wuta da launinta, mai mayar da ita da nata, wadda ake binnewa a ƙasa don ta janye haɗari ita ma da nata. Kowane layi ana ba shi waya mai kaurin da zai ɗauki nauyinsa, a sa masa bireka, wato makunnin nan da yake faɗuwa da kansa in waya ta ɗauki zafi. A rubuta a jikin kowace bireka inda take zuwa. A ɗaure kowane noti tam, domin notin da ya saki shi yake tartsatsi. A toshe ƙofofin da waya take shiga, kada ɓera ko ƙura su samu hanya. Sannan a sa babban makunni guda wanda in aka sauke shi komai ya mutu. Duk wannan don wa? Don mutumin da zai zo bayanka a ranar tashin hankali, hayaƙi yana shigar masa ido.

Wannan mutumin ne Sai-Ni ya ɗauka abokin gaba.

Ya daina sayen waya mai launi, sai baƙa zalla. Ya daina rubutu a jikin bireka, inda ya tarar da rubutun wani ma sai ya kankare shi da bakin sukudireba. Ya riƙa murɗa wayoyi yana cusa su a bayan juna, ya ɗauko layin kicin ya haɗa da na zaure, ya ɓoye mahaɗa a cikin silin inda ido ba ya kaiwa. In mai gida ya tambaya, sai ya ce sabon salo ne. Mai gida me ya sani? Ya danna makunni ya ga fitila ta kama, ya yi godiya.

Wani mai gyaran wuta, magidanci mai 'ya'ya, an kira shi wani shagon ɗinki da Sai-Ni ya haɗa wa wuta. Ya sauke babban makunni kamar yadda aka koya wa kowa, ya sa hannu, wuta ta make shi da ƙasa, ta ƙone masa yatsu. Da labari ya iske Sai-Ni a shagon mai sayar da kayan wuta, inda suke zama, dariya ya yi har da buga ƙafa. Ya ce, "Wa ya aike shi? Gobe ya ƙara taɓa abin da ba nasa ba." Wasu suka taya shi dariyar, kuma su ma suna da kaso a cikin zunubin. Mai shagon ne kaɗai ya ce, "Ka ji tsoron Allah. In za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere." Sai-Ni ya ce, "Kai dai sayar da ƙwan fitilarka."

Shi da Auta gida ɗaya suke zaune, gidan mahaifinsu. Kowa da sashensa, sai wani dogon lungu mai rufi a tsakani, a ƙarshensa ɗakin mahaifiyarsu. Tsohuwar tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Akwatin wutar gidan yana bakin lungun nan. Sai-Ni ya sake haɗa shi da baƙar wayarsa, ya sa masa kwaɗo, ya rataya makullin a ɗamararsa.

Sun daina gaisawa. Auta ya ce "Yaya, ina kwana," shi kuma ya wuce kamar bango ne ya yi magana. In suka haɗu a ƙofar ɗakin tsohuwa, Sai-Ni yakan tsaya a waje har sai ƙanen ya fito. A wayarsa ta hannu ya goge sunan Auta ya rubuta Butulu.

Tsohuwa tana gani, tana kuka. Ta ce masa, "Babba, ciki ɗaya kuka fito, nono ɗaya kuka sha. Me ya yi maka?"

Ya ce, "Inna, ki bar maganar yaron nan. Ke dai me kike so in kawo miki?"

Ta ce, "Abin da nake so ke nan."

Sai ya je ya kawo mata sola. Kun ji wayon Shaiɗan? Ta roƙi sulhu, ya kawo mata fanka. Ya kafa farantin solar a kan rufi, ya zuba batura a ɗakin ajiyarsa mai ƙofar ƙarfe, don ko an ɗauke wutar gari fankar Inna kada ta tsaya. A ransa ya biya haƙƙin uwa. Amma da ya zo haɗawa sai mugun halin ya motsa. Kada sashen Auta ya samu ko ƙyallin fitila daga wannan wuta, kada kuma Auta ya san ta inda ta bi. Ya jawo layin da siririyar baƙar waya, ya shigar da shi cikin akwatin ta bayan babban makunni, ba bireka, ba rubutu, ya bi da shi ta cikin silin har ɗakin tsohuwa. Makunnin da yake kashe layin kuwa ya ɓoye shi a saman ƙofar ɗakin girki, a bayan katako, inda ko matarsa ba ta sani ba. Daga baya ya ɗora wa siririyar wayar nan firjinsa da dutsen gugar matarsa.

Ya san wayar ta yi ƙanƙanta? Ya sani sarai. Da a gidan wani ya gani, da ya zagi wanda ya yi aikin tas. Amma shi ne Sai-Ni, gani yake wuta ma ta san shi.

Allah ba Ya kama bawa sai Ya yi masa gargaɗi. Matarsa ta ce masa, "Maigida, lungun nan warin roba yake yi." Ya ce, "Hancinki ne. Ke da kika cika ƙarƙashin akwatin da kwalaye da tsohuwar katifa, me za ki ji in ba wari ba?" Ya faɗa, amma bai sa an kwashe ba. Wata bireka ta fara faɗuwa a kai a kai, tana aikin da aka yi ta dominsa. Ya ce matsoraciya ce, ya tsallake ta da guntun waya ya rufe.

Auta ma ya ji warin. Ya ɗora hannu a murfin, kamar yadda yayansa ya koya masa, ya ji zafi. Ba halin ya yi masa magana, sai ya bi ta wajen tsohuwa. Da Sai-Ni ya shigo gaishe ta, ta ce, "Babba, ƙanenka ya ce akwatin nan yana zafi, ka duba."

Ya 'yan uwa, da ba ta ce "ƙanenka" ba, da a ranar ya duba. Shi kansa ya ji zafin, ya san noti ne ya saki, aikin da bai wuce ya murɗa sukudireba ba. Amma ya gyara, a ce Auta ne ya gano? Ya buɗe akwati Auta yana gida, ya zo wucewa ya leƙa ta kafaɗarsa ya ga yadda aka haɗa? Ya ce wa tsohuwa, "Ki ce masa ranar da ya haɗa nasa ya duba." A ransa ya bar gyaran sai ranar da yaron nan ya yi tafiya.

Ranar da abin zai faru, da hantsi ne. Yara suna makaranta, matar Sai-Ni ta fita unguwa. Shi yana zaune a kan benci a shagon mai kayan wuta, ya miƙe ƙafa, ana hira. Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ga Butulu.

Ya ɗaga ta sama yana nuna wa mutane. "Ku gani! Ba na faɗa muku ba? Yau ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa. Yau zai san sai ni." Ya katse.

Ta sake ƙara. Ya sake katsewa.

Mai shagon ya ce, "Ɗauka mana. Mutumin da ya san ba ka kula shi, ba zai kira ka haka kawai ba."

Ya ce, "Ai shi ya sa ba zan ɗauka ba. Bari ya ɗanɗana."

Sai ga kiran matar Auta. Ya yi tsaki ya ce, "Har ya turo mini matarsa." Ya kashe ƙarar wayar gaba ɗaya, ya kifa ta a kan benci, ya ce a ci gaba da hira. Aka ci gaba. Wayar tana ta haske a ƙarƙashinta, ba mai gani.

Ga abin da yake faruwa a gida a daidai lokacin. Auta ya ji ƙara tsat-tsat daga lungu, ya fito ya ga hayaƙi yana tsiyaya ta gefen murfin. Ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon. Ya sauke babban makunni. Fitilun gidan suka mutu, amma tartsatsin bai tsaya ba, kuma daga ƙarshen lungu yana jin fankar Inna tana juyawa. Nan ya gane akwai wani layin. Ya duba cikin akwatin, baƙar waya a kan baƙar waya, ba a san kai ba a san gindi. Ya ruga ɗakin batura, ƙofar ƙarfe ce a kulle. Matarsa ta ɗebo bokitin ruwa, ya daka mata tsawa, "Kada ki zuba, da wuta a jiki!" Shi ne ya ciro waya ya kira yayansa. Magana ɗaya yake nema: ina makunnin? Da an ce masa "saman ƙofar ɗakin girki", taku kaɗan ne.

Yana tsaye yana kira, narkakkiyar roba ta ɗiga a kan katifar da ke ƙasa. Siririyar wayar cikin silin kuwa ta riga ta yi ja tun daga bakin lungu har kan gadon tsohuwa. Kafin ya juya, sama da ƙasa sun kama. Tagar ɗakinta da ƙarfen tsaro, hanya ɗaya ce, lungun nan. Auta ya jefar da waya ya shiga. Ya goyo mahaifiyarsa ya fito da ita ta cikin wuta, yana ture silin mai ci da hannuwansa.

Wani maƙwabci ne ya zo shagon a kan babur, ko kashe shi bai yi ba. Ya ce, "Kana nan zaune? Gidanku yana ci, ana ta kiranka!" Sai-Ni ya juyo da wayarsa, ya ga kiran Butulu jere, ya ga na maƙwabta, ya ga na matarsa. Babu wanda ya yi dariya a shagon.

Da ya isa gida ya tarar da 'yan kwana-kwana sun kashe wutar, rufin gidan ya zube. Ya wuce asibiti. Auta yana kwance a gado ɗaya, an naɗe hannuwansa har gwiwa. Da ya ga yayansa bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Yaya, ina makunnin yake?"

Sai-Ni ya ce, "Saman ƙofar ɗakin girki."

Auta ya rufe ido ya ce, "Sau biyu na wuce ta wurin."

Tsohuwa tana ɗaya ɗakin. Wuta ba ta taɓa fatarta sosai ba, Auta ya kare ta da jikinsa, amma hayaƙi ya ƙone mata maƙogwaro da huhu. Matar Auta ta ce kafin muryar ta ɗauke, abu ɗaya take ta tambaya a cikin mota: "Babba ya ɗauka? Ya ɗauki wayar?"

Sai-Ni ya durƙusa a gaban gadon, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Inna, ki ce kin yafe." Idonta a buɗe, tana kallonsa. Leɓɓanta suka motsa. Ya kai kunnensa bakinta, ba abin da ya fito sai iska. Ya roƙa, ya sake roƙa. Kafin la'asar tsohuwa ta cika. Har yau bai san abin da ta so ta faɗa ba.

Ya hana ƙanensa magana ɗaya, aka hana shi magana ɗaya.

Sauran kuwa ba wuya. Masu binciken gobara suka ciro akwatin suka ajiye a tsakar gida, duk masu sana'ar suka zo suka gani da idonsu: baƙar waya, birekar da aka tsallake, layin da ya bi ta bayan babban makunni. Labari ya bazu. Duk gidan da ya taɓa yi wa aiki suka kira wani ya farke ya sake, mai gidan burodi ne na farko. Hukuma ta hana shi taɓa wutar kowa. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu, ta ce ba za ta iya kwana a ɗakin da ya haɗa wa fitila ba. Auta ya warke, amma yatsunsa sun ƙage, ba ya iya riƙe filaya. Sana'ar da Sai-Ni ya yi ƙyashin ƙanensa ya ci abinci da ita, ga shi ya raba shi da ita, shi ma ya rabu.

Yanzu yana zaune a bakin wani shago da ba nasa ba. In wayar wani ta yi ƙara a kusa da shi, sai ka ga ya zabura. In ya zauna a benci, mutane sukan tuna da wani uzuri su tashi. Sunan da ya zaɓa wa kansa ya tabbata, duk inda ya zauna sai shi.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce mini tsautsayi ne. Tsautsayi ne ya sayo baƙar waya? Tsautsayi ne ya kifa waya a kan benci? Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a ɓoye mugunta a bayanta. Malamai sun gaya mana mai ɓoye ilimin da ake buƙata linzamin wuta yake jiransa, sun gaya mana bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa ba. Wannan ya haɗa biyun, ya ƙara da girman kai, ya rufe da kwaɗo.

Kai mai gyaran wuta da kake jina, amana ce a hannunka. Mutane suna kwantar da jariransu a ƙarƙashin wayar da ka ja, ba su gani, ba su sani, Allah Yana gani. Sa waya daidai nauyinta. Ɗaure notinka. Kada ka tsallake bireka don ta dame ka. Rubuta komai yadda wanda bai taɓa ganinka ba zai gane, ko da maƙiyinka ne. Kai mai gida, in ka ji warin roba kada ka jira gobe, kuma kwashe tarkacen da ka tara a ƙarƙashin akwatin. Kada ku ce wa'azin masu wuta ne kawai. Makaniken da yake ɓoye gyara don a dawo masa, da magini, da ma'aikacin da ya ƙulle aikin ofis a cikin kansa don kada a iya sai da shi, duk Sai-Ni ne.

Kai kuma da kake zaune a nan, akwai sunan da in ya fito a wayarka kake katsewa, ɗan uwanka na jini. Ka san abin da zai faɗa maka? Ba ka sani ba. Shi ma wancan ya ɗauka ya sani.

Allah Ka raba mu da hassada da girman kai. Allah Ka sa mu riƙe amanar da ke hannunmu, Ka daidaita tsakaninmu da 'yan uwanmu, Ka sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Wutar da muke kunnawa a gidajenmu Ka sa ta zame mana haske. Gobarar duniya da wutar lahira, Allah Ya kiyaye mu da su baki ɗaya. Amin.